Mace da Kasuwar Bindiga: Daga Gaɓar Kwara Zuwa Amurka

A nahawun Hausa bindiga tamace ce. Akan ce bindiga ta tashi, ko ta ƙi tashi, ko ta fashe a hannun mai ita. Ɗan ƙarfen nan ma da ake ja da yatsa, sunan kunama aka ba shi. Amma a tarihin ƙasar Hausa hannun da ke riƙe da ita kusan kullum na namiji ne, kuma falken da ya kawo ta bai taɓa tsayawa a zaure ya aika a kira masa uwargida don ya nuna mata hajarsa ba. A Amurka kuwa, inda aka ƙiyasta a 2017 cewa akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula, watau sun fi mutanen ƙasar yawa, kamfanonin ƙera makamai sun fi shekara ɗari suna zawarcin mata. Wannan lacca za ta bi sawun wannan zawarci, ta duba inda mace ta tsaya a cinikin bindiga tun zamanin da Yawuri ke karɓar fito a bakin Kwara, ta kuma nuna abin da ya sa tallar da aka ƙaga don matan Amurka ta zama maganar da ta shafi mutanen Yelwa da Ngaski da Shanga.

Kalmomin kansu sun nuna hanyar da makamin ya fara biyowa. Bindiga da albarushi da harsashi duk aro ne daga Larabci, alamar cewa ta Sahara aka fara jin labarinsu; tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar. Amma yawan bindiga a Afirka ta Yamma ta bakin teku ya shigo. Joseph Inikori, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya nuna a 1977 cewa tsakanin 1750 da 1807 ɗaruruwan dubban bindigogi ne ake saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara, da yawansu ƙirar Birmingham ta Ingila. Waɗannan su ne kakannin adaka, wadda 'yan magana ke kira harba-ka-ruga. Maƙeran Turai sun san cewa Ba'afirke mai saye ne mai tsani, saboda haka suka dinga ƙera masa irin da yake so: doguwar hanci, da adon tagulla, da icen gindi wanda sau da yawa akan shafa wa jan launi. Ya kamata a riƙe wannan batu na launi, domin za a sake gamuwa da shi a wani wuri mai nisa.

Abin da Yawuri ta gani

Yawuri tsohuwar mashiga ce. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ta nan suke ƙetare Kwara, jiragen Gungawa da na Nufawa kuma ta nan suke hawa da sauka. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan ƙasar Ngaski, ya yi bayanin wannan matsayi a bincikensa kan Yawuri ta ƙarni na 19. Duk baƙon da ya biyo kogi tilas ya gai da sarki, kuma gaisuwar Bature a wancan zamani ba ta rasa makami. Sa'ad da Mungo Park ya iso ƙasar Yawuri a cikin jirginsa a farkon 1806, ɗan rakiyarsa Amadi Fatuma ya ba da labari cewa an aike shi tudu da bindiga da takobi don hakimin wurin, an kuma ba da zobban azurfa da albarushi da duwatsun ƙyasta bindiga a kai wa sarki. A faɗarsa, hakimin ya danne kayan sarki, sarki ya husata, aka tare Park a Busa inda ya halaka. Akwai wasu ruwayoyin da suka saɓa wa wannan, amma ko a wace aka tsaya, kyautar makami tana tsakiyar labarin.

Shekara 24 bayan haka, a 1830, Richard Lander da ƙanensa John suka zo Birnin Yawuri neman takardun Park, suka yi kusan mako biyar sarki na ja musu rai. Takardu dai ba su samu ba. Abin da suka samu wata bindiga ce mai baki biyu da aka ce tana cikin kayan Park, suka musanya ta da tasu bindigar harbin tsuntsaye. Sun kuma rubuta cewa mutanen Yawuri suna dakan albarushi, wanda ko da yake sun raina kyansa, sun ce ba su san wani wuri da ake yin irinsa a wannan yanki ba. Wannan shaida ce mai nauyi: gari ba ya dakan albarushi sai in akwai masu sayensa.

To, mata fa, me ya kai hannunsu daga jakar baƙin nan? Maɓallai da duwatsun wuya, waɗanda suka raba wa 'ya'yan sarki mata. Sai kuma allurai, waɗanda su ne kuɗin guzurinsu a kasuwa. A nan wani abin dariya ya faru wanda ya cancanci a tsaya a kansa. An rubuta a jikin takardar alluran cewa mafi kyau ne, kuma maƙerinsu ya yi alkawarin kafarsu ba za ta tsinka zare ba. Da aka sayar, sai masu saye suka yi ta komowa da su suna ƙorafi, domin da yawansu ba su da kafa ko kaɗan. Alkawarin ɗan kasuwa ya cika ke nan, tun da allurar da ba ta da kafa lalle ba ta tsinka zare. Wannan na cikin rubutattun tallace-tallacen Turai na farko da suka iso kasuwar Yawuri, kuma mutanen gari sun gane lagonta cikin 'yan kwanaki, saboda allura abu ce da akan gwada nan take. Alkawarin da ke jikin bindiga ba ya gwaduwa da sauƙi haka.

Akwai wata fuska kuma wadda ba ta da daɗin faɗi. A cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Etsu Masaba na Bida, wanda ya yi sarauta ta biyu daga 1859 zuwa 1873, ya mai da ƙasarsa ƙofar da bindigogin Ingilishi ke bi su shigo arewa, a daidai lokacin da Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kwantagora ke kai hare-hare a ƙasashen Kambari da maƙwabtansu, har cikin ƙasar Yawuri. Dawakai da bindigogi da bayi ake biyansu, kuma a kasuwannin cikin ƙasa baiwa ta fi bawa tsada. Ba daidai ba ne a ce bindiga ce kaɗai ta haddasa wannan, domin doki da mashi sun fi ta aiki a fagen fama har kusan ƙarshen ƙarnin. Amma in an tambayi matsayin mace a cinikin makamai na wancan zamani, amsar ita ce tana cikin kuɗin da ake biya. A cikin wannan hargitsi ne, da rikicin sarauta na cikin gida, hedkwatar masarauta ta koma Yelwa a 1888 zamanin Sarki Abdullahi Abarshi.

Mai ruwa da masu harbi

Ba a nufin cewa mata ba su zuwa yaƙi. A watan Oktoba na 1826 Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Konya, birnin Gobirawa. Dubban mayaƙa ne, amma bindigoginsu ba su kai ɗari ba, kuma ya ce bindiga guda da ke cikin birni ta yi ɓarna ƙwarai. Mutumin da ya fi burge shi a ranar wata tsohuwa ce Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, wadda ta hau doki ta rataya gorunan ruwa, tana bin sahu da tasar tagulla tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Ba wanda ya ba ta makami, ba kuma wanda ya fi ta amfani a filin.

A Dahome ne labari ya bambanta. Can sarakuna, musamman Gezo wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, sun kafa rundunar mata masu bindiga da ake kira Agojie, waɗanda suka yaƙi Abekuta a 1851 da 1864, suka kuma kara da Faransa a 1890 da 1892, bayan Sarki Behanzin ya sayi bindigogin zamani daga 'yan kasuwar Jamus. Amma su ma ba masu saye ba ne. Sarki ne mai saye, su dakarunsa ne. A 1890 ɗin nan ne kuma ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu adaka da albarushin kasuwa. Da sunan yaƙi da cinikin bayi aka yi ta, amma amfaninta ga masu shirin cin ƙasa ba ɓoyayye ba ne.

A 1893, shekara guda bayan faɗuwar babban birnin Dahome, aka yi gagarumin bajekoli na duniya a Chicago ta Amurka. A cikin filin aka gina wani ƙauye aka zuba mutanen Dahome maza da mata, 'yan kallo na biyan kuɗi su ga abin da aka gaya musu shi ne dabbanci. A wajen shingen filin kuwa Buffalo Bill ya kafa dandalin wasansa, tauraruwarsa kuma wata 'yar ƙaramar mata ce mai suna Annie Oakley, wadda ke harbin abin da aka jefa sama ba ta kuskure, sanye da tufafin kamun kai, ana kiranta da sunan 'yar mutunci. Mace baƙa da bindiga abin tsoro ce a idon mai kallo, mace fara da bindiga abin sha'awa. Siffa ta biyu ce masu kamfanoni suka ga za ta yi kuɗi.

Yadda aka ƙera mai saye

Masana'antar bindiga tana da wata matsala wadda mai sayar da sabulu ko gishiri bai san ta ba: hajarta ba ta ƙarewa. Bindigar da aka kula da ita takan yi wa kaka aiki ta yi wa jika. Saboda haka da zarar yaƙi ya ƙare, ko kuwa duk namijin da ke so ya riga ya saya, sai injuna su tsaya, sai fa in an samo sabon mai saye. Bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 kamfanoni irin su Winchester da Remington da Smith & Wesson sun rayu da kwangilolin gwamnatocin waje; da waɗannan suka ja baya sai suka juyo gida. Pamela Haag, wadda ta binciki tsofaffin takardun Winchester ta buga littafi a 2016, ta nuna cewa da gangan aka zauna aka tsara yadda za a mai da bindiga daga kayan aikin manomi zuwa abin da zuciya ke bege.

Mata sun shiga lissafin tun da wuri. A 1902 Smith & Wesson ya fito da wata 'yar libarba mai cin harsashi bakwai wadda aka fi sani da Ladysmith, aka yi ta ƙera ta har 1921. Kamfanin Savage kuwa, wajen tallar ƙaramar bindigarsa samfurin 1907, ya cika mujallu da hoton matar da mijinta ya yi tafiya, dare ya raba, ɓarawo na hawa matakala. Ana gaya mata cewa wannan bindiga tana harbi goma a jere, kuma saita ta bai fi nuni da yatsa wuya ba. A lura da ginin tallar: an fara dasa tsoro, an ba tsoron fuskar baƙo wanda ya shigo daga waje, sa'an nan an miƙa maganin da farashinsa. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan ginin bai sauya ba.

Babban yunƙuri ya zo ne a shekarun 1980, lokacin da cinikin ƙananan bindigogi ya faɗi. A 1989 Smith & Wesson ya farfaɗo da tsohon suna ya fito da jerin LadySmith, masu mariƙi daidai tafin hannun mace. Kamfanin ya kuma baza sakamakon wata ƙuri'ar jin ra'ayi da shi ya biya aka yi, wadda ta ce matan da suka mallaki bindiga sun ƙaru da fiye da rabi tsakanin 1983 da 1986, sun kai wajen miliyan 12. Jaridu da gidajen talabijin suka ɗauka suka yi ta yayatawa, kowa na kwatanta sabuwar mai bindiga da budurwa 'yar boko mai zaman kanta a babban birni. A 1992 Colt ya buga talla a mujallar mata ta Ladies' Home Journal: uwa na lulluɓe 'yarta a gado, ana ce mata kare kai ya wuce haƙƙi, nauyi ne a wuyanta, ana kuma kamanta bindiga da tukunyar kashe gobara. A 1993 ƙungiyar masu bindigogi ta NRA ta buɗe wani shiri na musamman mai kiran mata da su ƙi yarda a zalunce su. Harshen masu neman 'yancin mata aka ara, aka ɗaura wa haja.

Sai a 1995 wasu masana biyu, Tom Smith da Robert Smith, suka koma ga ƙididdigar da wata cibiyar bincike ta Jami'ar Chicago ke tarawa a kai a kai, suka duba daga 1980 zuwa 1994. Ba su ga wata ƙaruwa ba. Matan da ke da bindiga ba su wuce kashi 12 cikin ɗari ba, kuma galibinsu matan aure ne na karkara, a gidajen da ake farauta. Watau an yi shelar cewa kasuwa ta cika tun ba kowa a cikinta, don masu wucewa su ji kunyar a bar su a baya. Wannan dabara ce da kowace dillaliya ta sani, wadda kan ce wa amarya duk matan unguwa sun riga sun saya.

Amma tallar da aka daɗe ana yi takan haifi gaskiyarta. A 2017 cibiyar Pew ta sami kashi 22 cikin ɗari na matan Amurka suna cewa suna da bindiga, maza kuma kashi 39. Wani bincike da aka buga a ƙarshen 2021 ya ƙiyasta cewa daga farkon 2019 zuwa Afrilu 2021 mutum wajen miliyan 7.5 ne suka sayi bindiga karon farko, kusan rabinsu mata. A gefen bindigar kuma wata kasuwa ta tsiro wadda ba ta da waccan matsala ta rashin ƙarewa, domin ado yayi gare shi, yayi kuwa yakan wuce: bindigogi masu launin ruwan hoda da shuɗi, jakar hannu mai ɓoyayyen aljihu, kuben da ake maƙalawa a rigar mama, wandon motsa jiki mai mazaunin bindiga, har da 'yar bindiga ruwan hoda ta koya wa yarinya harbi. Su kansu 'yan kasuwar suna da wata magana da suke yi a tsakaninsu, wai in kana son mace ta saya, rage girman abu ka shafa masa ruwan hoda. Jan icen adaka na Birmingham ne ya dawo da wani launi. A watan Disamba na 2014, a wani babban kanti a jihar Idaho, yaro ɗan shekara biyu ya zuge aljihun irin wannan jaka, ya taɓa kunama, ya kashe mahaifiyarsa. Kyautar Kirsimeti ce aka ba ta jakar kwanaki kaɗan kafin nan.

Hatsari guda ba hujja ba ne. Hujjar tana cikin ƙididdiga, kuma ita ce ta gwada alkawarin kamar yadda matan da mazan Yawuri suka gwada allura. Tallar ta ce abokin gaba baƙo ne. Ƙididdigar kisan kai a Amurka kuwa ta daɗe tana nuna cewa yawancin matan da ake kashewa, wanda suka sani ne ke kashe su, sau da yawa miji ko saurayi. Binciken da Jacquelyn Campbell ta jagoranta a birane 11, aka buga a 2003, ya sami cewa in mai dukan mace yana iya kai hannu ga bindiga, haɗarin ya kashe ta yakan ninka wajen sau biyar. David Studdert da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford sun bi manya fiye da miliyan 17 a Kalifoniya daga 2004 zuwa 2016, suka ga cewa wanda ke zaune gida ɗaya da mai ƙaramar bindiga ya fi wanda ba ya zaune da shi haɗarin a kashe shi fiye da ninki biyu. Haɗarin abokin aure ya harbe shi a cikin gida kuwa ya ninka sau bakwai, kuma kashi 84 cikin ɗari na waɗanda aka harbe ta haka mata ne. Bindiga ba ta san wanda ya biya kuɗinta ba; in ta shiga ɗaki, ta mai ƙarfin hannu ce.

Duk da haka rashin adalci ne a ɗauki duk macen da ta nemi makami a matsayin wadda aka yaudara. A 1892 Ida B. Wells, 'yar jarida baƙar fata wadda ta ga ana rataye 'yan'uwanta hukuma na kallo, ta shawarci gidajen baƙaƙe su ajiye bindigar Winchester, domin ta ba su kariyar da doka ta hana su. Ba kamfani ne ya sa ta faɗi haka ba. Inda hukuma ta janye hannunta, tsoron gaskiya ne, kuma a wannan wuri ne maganar ta komo gida.

Bayan Birnin Yawuri

Ranar 17 ga Yuni 2021 mahara suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a ƙaramar hukumar Ngaski, da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka kwashi ɗimbin ɗalibai da wasu malamai suka shiga daji. An sako wasu rukuni-rukuni, amma 'yan mata 11 suka rage, sai a 2023 na ƙarshensu suka komo, wasu da goyo. Garin da Lander ya ga ana dakan albarushi shi ne wannan. Kalmar 'yan bindiga ma ta sauya ma'ana a bakin mutane: da dakarun sarki ne masu buga adaka a hawan salla yara na toshe kunne suna dariya, yanzu kuwa in an ambace ta uwa takan ƙirga 'ya'yanta.

Ba abin mamaki ba ne da aka fara jin manya na cewa kowa ya nemi makami. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi irin wannan kira a 2021. A watan Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce za ta raba takardun neman lasisi a masarautun jihar, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin Aisha Bakari Gombi, sarauniyar mafarauta ta Adamawa, wadda ta shiga daji da bindiga tana fafatawa da Boko Haram. Jarumtarta ba abar musu ba ce. Amma ita 'yar gidan farauta ce, ta tashi cikin sana'ar, tana da ƙungiya da ƙa'ida da sanin daji; ba hoton da za a liƙa a jikin kwali ba ce a ce wa kowace mace ga ki nan. Kuma ko ƙungiya ba ta isa lamuni ba: a watan Maris 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba na masarautar Zuru, aka kashe fiye da 60, domin adaka ba ta karawa da AK-47.

A Nijeriya babu kamfanin da ke buga tallar bindiga a mujallar mata. Masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 hukumomin tsaro take yi wa aiki, yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kuma ta ɗaure shigo da ƙananan makamai. Amma kasuwar bayan fage ba ta jiran izini. Ƙiyasin 2017 ya ce akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a ƙasar, kuma rushewar Libiya a 2011 ta ƙara buɗe hanyoyin Sahara. Wannan kasuwa ta riga ta sami aikin da za ta ba mace: 'yan sanda a Zamfara da Katsina sun sha gabatar da matan da aka kama da harsasai a ɓoye cikin kaya, an zaɓe su ne saboda ba a cika binciken mace a shingen hanya ba. Da tana cikin kuɗin bindiga, yanzu ta zama 'yar dakonta. Matakin da ya rage shi ne na mai saye, kuma hotunan da za su share masa hanya sun riga sun iso: ɗalibar da ke Yelwa tana ganin jakar nan mai ɓoyayyen aljihu a wayarta ta Instagram da TikTok, kamar yadda take ganin ɓarayin daji na baje kolin makamansu.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman waɗanda wata rana za a ba su aikin gyaran doka in matsin lambar sassauta lasisi ya ƙaru, akwai darasin da wasu ƙasashe suka riga suka biya kuɗinsa. Amurka ta hana wanda kotu ta samu da laifin dukan iyali mallakar bindiga tun 1996. Afirka ta Kudu ta sa irin wannan sharaɗi a dokarta ta 2000, kuma masu bincike na majalisar nazarin lafiya ta ƙasar sun sami raguwa sosai a yawan matan da aka kashe da bindiga tsakanin 1999 da 2009. Kanada kuwa, a ƙarƙashin dokarta ta 1995, ta tsara cewa matar mai neman lasisi, ko wadda suka rabu ba da daɗewa ba, ta san da maganar, kuma tana da inda za ta kai ƙorafi in tana jin tsoro.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku: manya sai da izinin shugaban ƙasa, na kare kai da farauta sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, masu ɗurin baki irin su adaka kuma a wurin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta ce kada a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko marar kamun kai, ko wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ta tambayi idon mai nema da shekarunsa da hankalinsa. Babu inda ta ce a tambayi matar da za ta kwana ɗaki ɗaya da bindigar.